Anini biyu, mudu ɗaya da kuɗin rajista

  Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ke gab da ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Magana ce kan bayarwa a rayuwar Kirista, musamman wadda muke kira bayarwar sadaukarwa, wato ka ba da abin da kai ma kana bukatarsa. Ni Kirista ne, kuma daga Littafi Mai Tsarki zan ɗauko yawancin hujjojina, amma 'yan'uwanmu Musulmi da ke wannan dandali kada ku wuce, tukunya ɗaya muke ci a ɗakunan kwana, kuma akwai inda maganar za ta biyo ta kanku.

Abin da ya sa na tayar da ita yanzu shi ne lokacin da muke ciki. Zango ya raba tsakiya, buhun da kowa ya zo da shi daga gida ya fara kwanciya, jarrabawa na tafe, kuma daidai wannan lokacin ne tarurrukan addu'a ke yawaita a cikin gari, ana kiran ɗalibai su fito su "shuka iri". Na ga abin da bayarwa ta gaskiya ta yi wa mutane a makarantar nan, na kuma ga abin da aka yi wa wasu da sunanta. Duk biyun suna amsa suna ɗaya, shi ya sa yaro ɗan aji ɗaya da bai daɗe da barin gaban iyayensa ba yake kasa rabe su.

Mu fara da halin da muke ciki, don kada maganar ta tsaya a sama. Daga Ibadan zuwa garinmu a kudancin Katsina tafiyar yini da kwana ce, ta Ilori da Jebba da Mokwa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, da yawanmu mun daina zuwa gida a ƙaramin hutu, saboda kuɗin mota zuwa da dawowa ya isa ya ciyar da mutum makonni. Wanda Allah Ya taimaka ya samu rancen NELFUND yana karɓar naira 20,000 a wata na ɗawainiya, in ka raba shi gida talatin bai kai naira 700 a rana ba, kuma a ciki za ka ci, ka yi fotokwafi, ka sayi data, ka sayi sabulu. Kowa ya san tsarin nan na 0-1-0, babu karin kumallo, a ci da rana, a kwana da ruwa. Ɗan Ibadan in abin ya yi masa zafi zai hau mota ya je gida ya ci tuwon uwarsa ya dawo kafin lakcar yamma. Mu kuwa in garin kwaki ya ƙare, ya ƙare ke nan, sai jiran alat.

Wannan alat ɗin da muke jira, mu tsaya mu tambayi kanmu daga ina yake fitowa. A gidajenmu da yawa akuya ce aka kai kasuwa, ko buhun masara da aka ajiye don damina aka sayar tun rani, ko adashin Mama da ta yi wata goma tana zubi. Wani ƙaninsa ne ya dakata da karatu don shi ya gama. Ke nan kafin mu soma zancen abin da za mu bayar, mu kanmu a kan sadaukarwar wasu muke tsaye. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ni a gida na fara ganin bayarwa, tun kafin in iya karanta ta. A ƙauyenmu ranar godiyar kaka ba a cika ganin ambulan ba. Dami ake shigowa da shi majami'a a ka, dawa da gero da masara, wasu kwaryar gyaɗa, wasu kaza an ɗaure mata ƙafa tana ta kuka a gaban bagade har sai yara sun yi dariya. Akwai wata tsohuwa, Allah Ya jiƙanta, da ba ta da gona, kala take yi a gonakin mutane bayan girbi, kuma kowace shekara sai ta zo da 'yar ƙaramar kwaryarta. Dattawa su raba hatsin nan: na mai bishara, na gwauraye, na ajiya don watan Agusta lokacin da rumbu ke ƙarewa sabon amfani bai nuna ba. Matan Zumunta kuwa su ne motar asibitinmu, su ne bankinmu. In mace ta haihu ko aka yi rasuwa, kafin rana ta take ka ga itace da ruwa da gari sun taru a ƙofar gidan. Da irin wannan ɗan abin hannun manoma da mata ne ƙungiyar EMS ta ikilisiyar ECWA, wadda aka kafa a 1948, take tura masu bishara 'yan ƙasa zuwa ƙauyuka masu nisa. Ban taɓa jin an ce wa ɗaya daga cikin mutanen nan in ta kawo dami ɗaya za ta samu goma kafin sati ba. Suna kawowa ne don Allah Ya riga Ya ba su, kuma sun san bakin da hatsin zai shiga.

Da na zo nan sai na tarar da wani salo. Bara wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya daga Filato ta bi ƙawayenta wani taron dare a cikin gari. Mai wa'azin ya ce akwai mutane a wurin da Allah ke so su ba da abin da zai yi musu ciwo, wanda ya yi biyayya zai ga ninki cikin kwana bakwai, wanda ya riƙe kuwa ya rufe wa kansa ƙofa. A asusunta akwai kuɗin rajista, na dankalin Turawa da babanta ya sayar. Ta tura duka nan take ta waya, aka kira ta gaba, aka tafa mata. Kwana bakwai suka wuce, ta ƙara bakwai da azumi, ranar rufe rajista ta matso. Ba ta iya gaya wa gida ba. Sai da wata yayarmu ta lura yarinyar ta daina zuwa lakca ta zaunar da ita, sannan magana ta fito.

Mun haɗa mata kuɗin, wannan ɗari biyar, wancan dubu ɗaya. Wani ɗan'uwa Musulmi daga Zamfara da ya ji labarin ya cire abin da ya ware na takalmi ya bayar, ya ce kada a faɗi sunansa. Ta yi rajistar, mun gode wa Allah. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ta yi mini bayan haka. Ta ce, "Yaya, ko bangaskiyata ce ba ta kai ba?" Kun ga inda ɓarnar take. Kuɗi an mayar, amma yarinya 'yar shekara goma sha takwas ta koma tana zargin kanta, tana ganin Allah Ya auna ta ta gaza. Har yau ba ta cika son zuwa sujada ba. Wannan ne ya sa na koma na sake karanta wuraren da ake yawan jawo mana a irin waɗannan tarurruka.

Na farko shi ne labarin gwauruwar nan a ƙarshen Markus sura 12. Yesu yana zaune a Haikali yana kallon masu zuba baiko, attajirai suna zuba da yawa, sai wata matalauciyar gwauruwa ta zo ta jefa ƙananan tsabobi biyu, waɗanda muka saba kira anini biyu. Biyun a haɗe kashi ɗaya ne cikin 64 na dinari, shi kuwa dinari ladan lebura ne na yini guda. Yesu ya gaya wa almajiransa ta fi kowa bayarwa, domin sauran daga rarar dukiyarsu suka ɗiba, ita kuwa abin da za ta rayu da shi ne ta zuba. Wannan gaskiya ne, kuma ma'auni ne mai nauyi: abin da ya rage a hannunka bayan ka bayar ake dubawa. Amma ku lura da abubuwa uku. Ba wanda ya kira ta gaba, ba wanda ya yi mata alkawarin ninki, kuma tsabobin nata ne. Sannan ku ja ido sama kaɗan zuwa ayoyin da suka gabaci labarin. A nan Yesu yake gargaɗin jama'a game da malaman da ke son gaisuwa a kasuwa da kujerun gaba, masu cinye gidajen gwauraye suna rufewa da dogayen addu'o'i, ya ce hukuncinsu zai fi tsanani. A shafi ɗaya yabon matar da kashedin masu cin irinta suke zaune. Mai wa'azin da zai karanta maka rabi ya tsallake rabi, ka tambayi kanka dalili.

Na biyu shi ne maganar ba da abin da zai yi maka ciwo. Tushenta yana 2 Sama'ila sura 24, inda Arauna ya yi wa Sarki Dauda tayin masussukarsa da shanunsa kyauta don ya yi hadaya, Dauda ya ƙi, ya biya shekel 50 na azurfa, saboda ba ya son ya miƙa wa Allah abin da bai sha wahalarsa ba. To mu ɗora wannan a kan kuɗin rajista. Wa ya sha wahalarsa? Wanda ya duƙa a gona daga Mayu zuwa Oktoba, da wadda ta soya ƙosai a bakin titi tun asuba. In ka kwashe shi ka kai gaban taro aka tafa maka, ciwon ba a jikinka yake ba, a jikinsu yake. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuɗin rajista amana ce da aka damƙa maka don wani aiki takamaimai, kuma ba a yin kyauta da kayan amana. A Markus sura 7 ma Yesu ya tsawata wa waɗanda ke keɓe dukiyarsu da sunan Allah don su kauce wa haƙƙin iyayensu. In haka ne ga abin da kai ya kamata ka ba iyaye, ina ga abin da su suka hana cikinsu suka ba ka?

Na uku, ana yawan tsorata mu da Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5, wai sun riƙe wani abu sun mutu. Ku je ku karanta da kanku. Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma a ikonsa suke bayan ya sayar. Ba wanda ya tilasta masa. Laifinsa ƙarya ce, yana son a gan shi kamar Barnaba, wanda a ƙarshen sura 4 ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin duka. Wato abin da labarin ke kashedi a kai shi ne bayarwa don suna, irin wadda kiran mutane gaba da shelar adadi a lasifika ke haifarwa.

Wurin da ya fi ko'ina bayyana yadda ake tara gudummawa a ikilisiya shi ne 2 Korintiyawa sura 8 da 9. Wajen shekara ta 55 bayan haihuwar Almasihu, Manzo Bulus yana tara taimako don matalautan masu bi da ke Urushalima. Ya yi misali da ikilisiyoyin Makidoniya, yankin su Filibi da Tasalonika, mutanen da ke cikin matsanancin talauci amma su da kansu suka roƙa a bar su su sa hannu. Wannan ita ce sadaukarwa. Duk da haka Bulus ya gindaya iyakoki. Ya ce ana karɓar kyauta gwargwadon abin da mutum yake da shi. Ya ce manufar ba a sauƙaƙa wa wasu a jefa mai bayarwa cikin ƙunci ba ce, ana son a daidaita, mai rara yau ya cike gibin mai rashi, gobe a juya. Ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, ban da tilas, ban da ɓacin rai. A 1 Korintiyawa sura 16 ya ba da shawarar kowa ya riƙa ware wani abu ranar farko ta mako, don kada a tsaya tara kuɗi a gurguje idan ya iso. Kuma bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, sai da rakiyar mutanen da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. Ku duba kuma su wa suka bayar, su wa suka karɓa: Helenawa ne suka tara wa Yahudawan da ba su taɓa gani ba, harshe daban, al'ada daban.

Na san wani zai ce, haba ɗan'uwa, ai Bulus ɗin ma ya yi maganar shuka da girbi a sura 9. Ƙwarai ya yi, ba zan ɓoye ba, kuma ni ma na gaskata Allah ba Ya barin mai alheri ya taɓe. Sai dai ku karanta girbin da ya lissafa: mai bayarwa ya sami abin da zai ishe shi har ya ci gaba da aikin alheri, bukatar matalauta ta biya, godiya ga Allah ta yawaita. Babu kwana bakwai, babu ninki goma, babu lambar asusun mai wa'azi. Haka gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna sura 17. Ta ba Iliya daga ɗan garinta na ƙarshe, garin da man kuma ba su ƙare ba har fari ya wuce. Ba ta zama attajira ba, abincin yau da gobe ta samu, kuma shi Iliya baƙo ne mai yunwa da ya zauna yana ci daga tukunyar da suke ci. Bai karɓe garin ya hau mota ya bar garin ba.

Yanzu bari in juyo ta ɗaya gefen, don kada wani marowaci ya karanta wannan ya ce Allah Ya kawo masa lauya. Akwai mu da yawa da "ai ni ɗalibi ne" ya zame mana garkuwa. Mutum zai sayi datar dubu uku ya ƙare ta a kallon bidiyo, amma abokin ɗakinsa na kwance tun jiya bai ɗora tukunya ba, ya yi kamar bai gani ba. Wani sai ya jira kowa ya fita sannan ya buɗe akwatinsa ya ci kilishi. Wani kuma yana cewa in ya gama ya samu aiki zai yi taimako. Hannun da bai saba miƙa mudu ba, ranar da buhu ya zo ma ba zai iya ba. John Wesley, wanda ya rayu daga 1703 zuwa 1791, ya ba da labarin wani daga cikin ƙungiyarsu a Jami'ar Oksfod ta Ingila, kuma mutane da yawa sun ɗauka kansa yake nufi. Mutumin yana samun fam 30 a shekara, ya rayu da 28, ya ba da 2. Da samunsa ya kai 60, ya ci gaba da rayuwa da 28, ya ba da 32. Da ya kai 120, ya ba da 92. Ya fara ne tun lokacin fam 2, a makaranta, kamar mu.

To yaya sadaukarwar ɗalibi take, in ba kuɗin rajista ba? Ina ganinta kullum, sai dai ba a tafa mata. Na san wani ɗan Adamawa da ya raba katifarsa da sabon ɗalibi zango guda cur, saboda yaron bai samu gado ba kuma ba shi da kuɗin haya a waje. Katifar nan ko mutum ɗaya da ƙyar take ɗauka. Na san wata 'yar Kudancin Kaduna da ke ƙara kofi ɗaya na shinkafa duk lokacin da za ta dafa, sai ta leƙa ɗakin maƙwabciyarta ta ce, "'Yar'uwa, zo ki taya ni, na dafa ya yi mini yawa." Bai yi mata yawa ba, mutuncin waccan take karewa. Na san wanda ke taka ƙafa zuwa lakca sati guda don kuɗin keken ya zama maganin zazzaɓin abokinsa. Akwai mai ba da aron kwamfutarsa a tsakiyar aikin kammala karatu, shi ya koma yin nasa da tsakar dare. Akwai mai kwana a asibiti da marar lafiya alhali yana da gwaji da safe. Duk waɗannan sun ba da abin da yake nasu: barcinsu, cikinsu, lokacinsu, ƙafarsu.

Kuma alherin nan ba ya tambayar addini ko yare. Da azumin bana, abokin ɗakina Musulmi bai taɓa buɗe baki shi kaɗai ba, sai ya turo mini dabino da kunu ya ce, "Malam, matso, ai kai ma tun safe ban ga ka ci komai ba." Wata Mama Bayarabiya a kasuwar Bodija, in ta gane kuɗinka bai kai ba, sai ta cika maka mudun ta ce ka kawo in an turo. 'Yan'uwanmu na Sabo kuwa, ɗalibai nawa suka sa a motar kaya zuwa gida ba su karɓi ko kwabo ba? Da Yesu zai ba da misalin maƙwabci a Luka sura 10, Basamariye ya zaɓa, mutumin da masu sauraronsa ba sa ga maciji da shi, shi ne ya tsaya, ya ɗaure raunukan, ya biya dinari biyu a masauki, ladan kwana biyu ke nan. In muna karɓa daga kowa, bai kamata tukunyarmu ta zama ta 'yan cocinmu kaɗai ba.

Wani abu da nake roƙo mu kiyaye shi ne sirri. Zamanin nan an mayar da taimako abin ɗauka a waya, a miƙa leda ana murmushi, shi mai karɓa yana sunkuyar da kai. Matiyu sura 6 ta yi hani da busa ƙaho in za a yi sadaka, kuma tarbiyyarmu ta gida ma ba ta yarda da tona asirin mabukaci ba. Ɗan Arewa yana da kunya, zai kwana uku da yunwa bai buɗe baki ba, in ka tambaye shi ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Irin wannan sai an sa ido. Wanda ya daina dafa abinci, wanda kullum yake cewa yana azumi, wanda ya daina zuwa lakca kusa da rufe rajista, a ja shi gefe a tambaye shi cikin hikima.

Ga shawarar da nake kawowa, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. A jihar Mizoram da ke arewa maso gabashin Indiya, tun 1910 matan ikilisiya suke da wata al'ada: duk lokacin da mace za ta dafa shinkafa, sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta zuba a wani mazubi daban. A tara a kai coci, a sayar, a yi aikin bishara da kuɗin. Talakawa ne suka fara ta, kuma fiye da shekara ɗari ke nan ba ta mutu ba, saboda ba ta fi ƙarfin kowa ba. Mu ma za mu iya. A kowane ɓangaren ɗakunan kwana a sami bokiti mai murfi. Duk wanda zai dafa shinkafa ko wake, ko zai jiƙa garin kwaki, ya ware cikin hannu ɗaya a leda. Wanda ba ya girki ya ajiye naira 100 ko 200 a sati. A zaɓi mutum uku amintattu, a sa mace a ciki, a sa ɗan'uwa Musulmi a ciki, su riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a littafi, a karanta jimillar a taronmu na wata. Sunan wanda aka ba kuwa ya tsaya tsakanin su ukun. Ba hoto, ba bidiyo, ba sanarwa a dandali. A fara rabawa sati biyu kafin jarrabawa, lokacin da yunwa ta fi cizo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu nan mun fi hannu ɗari.

Ga ƙannenmu 'yan aji ɗaya kuma, ku riƙe tambayoyi uku kafin ku tura kuɗi a kowane taro. Abin nan nawa ne, ko amana ce? Ina zai je, wa zai ci, wa ke riƙe da lissafinsa? In na koma ɗaki na kwana na tashi, ba kiɗa, ba ihu, zan bayar da shi da farin ciki? In amsar ɗaya ta yi rawa, mayar da wayarka aljihu. Allah ba Ya gaggawa, in bukatar ta gaskiya ce gobe ma tana nan. Baikonka na Lahadi da zakkarka daga kuɗin kashewarka ka ci gaba da bayarwa da aminci a ikilisiyar da ta san sunanka, wadda za ta neme ka ranar da ka kwanta ciwo. In kuma abin ya riga ya faru da kai, kada ka ɓoye, kada ka zargi bangaskiyarka. Nemi wani yaya ko wata yaya ka faɗa, tun rajista ba ta rufe ba.

Wanda yake ganin na yi kuskuren fahimtar wata aya, bismillah, ya kawo ta mu duba tare cikin natsuwa, ban da zagi. Wanda kuma zai iya ɗaukar nauyin bokitin a ɓangarensu ya yi mini magana ta akwatin saƙo kafin Lahadi, mu ga ko za mu fara a wannan satin. Ku tura wa sauran 'yan'uwa da ke Legas, Benin, Nsukka da Fatakwal, halinmu ɗaya ne. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya kai mu gida lafiya. Amin.